Jirgin da Wutsiyarsa ta Karkace

Malam Gazali ya yi aikin gyaran jiragen sama a Yamai tun yana saurayi har furfura ta cika masa gemu. Ƙananan jirage ya fi sani, masu farfela ɗaya, irin waɗanda ake feshin fara da su ko a ɗauko majiyyaci daga nesa. Ya kwance injinsu ya ɗaura ba adadi, amma bai taɓa riƙe sandar tuƙi a sama ba. Da ya ajiye aiki, shi da matarsa Ramatu suka dawo gidan mahaifinsa a Tasawa. Cikin kayansa akwai naɗin manyan takardu, zanen wani ƙaramin jirgin katako mai kujera biyu, wanda wani matuƙi ya bar masa shekarun baya.

Gidan ya yi musu faɗi, don ƴaƴansu duk sun yi aure sun watse. Gazali ya gwada zaman majalisa a ƙofar masallaci, ya ga ba zai iya ba, hannunsa ya saba da aiki. Wata safiya ya ɗauki takardun ya nufi bayan kasuwa, wurin Ɗanbaba kafinta.

Tare suka yi ƙuruciya. Ɗanbaba ɗan Attantane ne, an kawo shi Tasawa lakkol, wato makarantar boko, yana yaro, ya zauna gidan su Gazali har ya bar karatu ya kama aikin katako. Yanzu shi ma ya manyanta, matarsa ta rasu, yana zaune shi kaɗai a ɗakin da ke jikin shagonsa, yana yin ƙofofi da gadaje da bencin ƴan makaranta. Mutum ne mai surutu da raha, da wuya a rabu da shi ba a yi dariya ba.

Gazali ya shimfiɗa zanen a kan wata ƙofa da ba a gama ba. Ɗanbaba ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa.

"Wanga kejin kaji ne ko mi?"

"Jirgi ne. Gangar jikinshi ke nan, kahin a rufe ta da ƙyalle."

"Jirgin sama? Na katako?"

"Na katako. Da shi aka fara yin su, tun ba a haife mu ba. Inji na san shi. Itace ne ban sani ba."

Ɗanbaba ya bi layukan da yatsa, daga hanci har wutsiya. "Yanzu kai, Gazali, da tsufanka, sama kake son hawa?"

"Ni da kai. Kujera biyu gare shi."

Ɗanbaba ya yi dariya har ya dafa ƙofar. Da ta sake shi ya ce, "To yaushe za mu fara?"

A bayan gidan Gazali suka kafa rumfar kwano. Abin da suka fara yi shi ne dogon tabur, wanda mutum uku za su kwanta kansa a jere. Gazali da kansa ya daidaita shi da nibo, ƙarfen nan mai ɗigon ruwa a tsakiya, yana bi kusurwa-kusurwa yana cusa ƴan guntayen katako ƙarƙashin ƙafafun har ɗigon ya tsaya cak. Ya ce duk abin da aka gina a kan tabur, siffar taburin zai ɗauka. Sannan ya ja miƙaƙƙen layi a tsakiyarsa.

Katakon a Maraɗi suka je suka zaɓo. Fari suke nema, marar nauyi, wanda jijiyarsa ta miƙe daga farko har ƙarshe, babu ƙulli ko ɗaya. Ɗanbaba ya yi ta ɗagawa yana kallo da ido ɗaya yana ajiyewa, har masu sayarwa suka gaji da su suka koma inuwa suka bar su da tarin. Abin da suka samu bai taka kara ya karya ba, amma ya isa.

Ginshiƙin aikin dogayen sanduna huɗu ne, biyu sama biyu ƙasa, kaurin kowace bai fi babban yatsa da yawa ba. Da yake babu katakon da ya kai tsawon, sai an haɗa biyu: a fere bakin kowanne a hankali ya yi siriri kamar harshen wuƙa, a shafa gam ɗin da ake ce wa kol, a manna, a matse. Ɗanbaba ne ke yin wannan da randarsa ta goge katako, kuma in ya gama sai mutum ya shafa da yatsa ya rasa inda mahaɗin yake. Tsakanin dogayen sandunan ana jera gajeru, wasu a tsaye wasu a karkace, kowace kusurwa a rufe ta da ɗan siririn falanki mai kusurwa uku, a kafe da ƙananan ƙusoshi.

Kol ɗin kwalba biyu ne da ake gaurayawa, kuma zafin Tasawa na sa shi daskarewa da wuri. Saboda haka daga masallacin asuba suke wucewa rumfa, su yi aiki har hantsi ya ɗaga. Gazali na karanta awo yana dama kol, Ɗanbaba na yanka yana gwadawa yana ba da labari. Sun tuno malamin lakkol ɗin da ke dukansu da rula, da shekarar da fara ta cinye gero, da ƴan matan da kowannensu ya nema bai samu ba. Ramatu kan kawo musu kunu ta tsaya jin hirar. Ta taɓa ce wa Ɗanbaba tun da suka bar Yamai ba ta ga mijinta ya cinye tuwonsa ba sai yanzu.

Sun gama ɓangaren dama, suka shimfiɗa leda a kansa suka gina na hagu bisa shi don su zo iri ɗaya. Da suka raba su, kowannensu mutum na iya ɗaga shi da hannu ɗaya. Maƙwabta suka fara leƙowa. Wasu na dariya, wasu na tambayar ranar tashi.

Ana cikin haka damina ta faɗi. Suka tsayar da ɓangarorin biyu a kan tabur suka fara haɗa su da sandunan gicciye, daga wurin zama zuwa baya. Aikin ya ɗauki makonni, don kowace sanda sai kol ɗinta ya bushe ake sa ta gaba, kuma kowace sai sun gwada tsayuwarta da fuskar taburin. An yi manyan ruwaye a kwanakin, har ruwa ya riƙa bi ta bayan gida yana kwanciya gefen rumfa, amma kwanon bai yi yoyo ba, katako bai jiƙe ba, don haka ba su damu ba. A ƙarshe suka lanƙwaso ƙarshen ɓangarorin a hankali suka haɗe su a wutsiya. Ranar nan ne abin ya fara kama da jirgi. Ɗanbaba ya zagaya shi yana tafa hannu kamar yaro.

Bayan ƴan kwanaki Gazali ya samu waya daga Alhassan, wanda ya shugabance shi a wurin aiki shekaru da yawa. Zai wuce Damagaram, ya ji labarin jirgin, yana son ya tsaya ya gani. Gazali ya sa aka share rumfa, Ramatu ta yanka zabi. Da motar baƙon ta tsaya ƙofar gida, maƙwabta suka biyo shi har bayan gida.

Alhassan ya yaba mahaɗan, ya ƙwanƙwasa nan da can. Sannan ya koma gaban jirgin ya tsuguna, ya rufe ido ɗaya ya hangi wutsiya. Ya daɗe a haka. Ya nemi zare, ya ɗaura masa ƙaramin ƙarfe, ya sake shi daga saman sandar wutsiya. Zaren ya sauka a miƙe, sandar kuwa ta kauce masa da faɗin yatsa guda.

"Gazali, ya murɗe," ya ce a hankali. "Wutsiyar ta karkace. Ba a hawa wannan."

Gazali ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya karɓi zaren ya gwada da kansa, ya sake gwadawa. Mutane suna kallonsa. Wani a baya ya yi ƴar dariya. Shekarun da ya yi ƙarƙashin Alhassan bai taɓa miƙa masa aikin da aka dawo da shi ba.

Ɗanbaba ya matso. "Bari mu duba sannu. Wataƙila..."

"Mi za a duba?" Gazali ya katse shi. "Wa ya yanka sandunan? Laifina ne da na ɗauko mai yin bencin lakkol na ce ya yi mani jirgi. Benci in ya karkace, sai a sa mishi dutse."

Alhassan ya sunkuyar da kai. Ɗanbaba ya kalli abokinsa, bakinsa a ɗan buɗe kamar mai jiran a ce wasa ne. Da ba a ce ba, sai ya goge hannu a rigarsa.

"Haka ne," ya ce. "Benci nike yi."

Ya ɗauki randarsa da zarto da guduma ya zuba a buhu, bai yi sauri ba, bai kuma bar komai ba. A bakin rumfa ya juyo ya ce, "Allah shi ba da sa'a, Malam Gazali." Tun suna yara bai taɓa sa masa Malam ba.

Bayan baƙo ya tafi Ramatu ta same shi zaune gefen tabur. "Malam, maganar da ka faɗa mai nauyi ce. Gaban jama'a fa."

"Aikin wata da watanni ya lalata mani."

"Ko da shi ya lalata. Tashi ka bi shi tun yau."

Bai bi shi ba. Da ya ratsa bayan kasuwa bayan kwana biyu, shagon a kulle yake. Mai sayar da gawayi na kusa ya ce Ɗanbaba ya tafi Attantane, wai zai taya ƙanensa Lawali noma.

Gazali ya ƙudura zai gano sandar da aka yanka ba daidai ba. A ransa yana son ya riƙe ta a hannu, ya san cewa bai yi zalunci ba. Ya ɗauki metir na awo ya bi sandunan gicciye ɗaya bayan ɗaya, yana gwada su da zane. Kowace ta zo daidai. Ya koma kan na tsaye, su ma haka. Ya auna ɓangaren dama da na hagu, babu bambanci. Ya yi tsaye yana huci, sai idonsa ya faɗa kan nibo da ke rataye jikin dirka. Tun ranar da ya daidaita taburin bai sake ɗora shi a kai ba.

A gaban tabur ɗigon ruwan ya tsaya tsakiya. A ƙarshensa, wajen wutsiya, ya gudu gefe. Gazali ya durƙusa ya leƙa. Ƙafar da ke kusa da inda ruwan sama ke kwanciya ta nutse cikin ƙasa, guntun katakon da ya cusa ƙarƙashinta ya shige laka ya ɓace. Taburin ne ya murɗe, su kuma suka bi shi da aminci, sanda bayan sanda.

Ya daɗe a durƙushe. Da ya shiga gida ya gaya wa Ramatu, ba ta ce masa ai na faɗa maka ba. Ta ce, "To gobe akwai mota zuwa Mayahi, daga can sai Attantane."

Ya ce hanya ta ɓaci da ruwa, bari a ɗan tsagaita. Ya ɗauki waya sau da yawa ya nemo lambar Ɗanbaba, sai ya ce wannan ba maganar waya ba ce, dole ido da ido. Wani makon ya ce zai fara zuba siminti ƙarƙashin rumfa ya gyara tabur, don in ya je ya je da labari mai daɗi. Ya zuba simintin. Sannan zazzaɓin damina ya kwantar da shi. Gaskiyar ita ce bai san yadda zai buɗe baki ba, kuma kowace rana da ta wuce maganar na ƙara yi masa nauyi. Ramatu ta yi magana har ta gaji ta daina.

Sai da gero ya nuna aka fara yanka ya shirya. Ya hau taksi zuwa Mayahi, daga nan ɗan kabu-kabu ya ɗauke shi a babur. Hanya duk amalanken shanu ne ɗauke da dammunan gero. Yana ta maimaita abin da zai ce, yana canzawa.

Lawali ya tarar a ƙofar gida, yana sauke harawar wake. Suka gaisa, amma fuskar Lawali ba ta sake ba.

"Yaya na ciki," ya ce. "Sai dai ba yadda ka san shi ba."

"Lafiya?"

"Ya faɗi a gona, lokacin maimai, noma na biyu. Shekara nawa rabon shi da hauya? Ya zo ya ce shi noma zai yi, mun hana shi bai ji ba, rana tsaka shina can. A likita sun ce tansiyo ne, jininshi ya hau. Ɓarin dama duk ya shanye."

Gazali ya dafa bango. "Don mi ba a gaya mani ba?"

"Shi ya ce kar a gaya ma kowa a Tasawa."

Ɗanbaba na jingine a tabarma ƙarƙashin bishiyar bedi a tsakar gida. Ya rame, gefen bakinsa ya ja ƙasa, hannun damansa na kwance a cinyarsa, yatsun a naɗe. Da ya ga mai shigowa sai ya ɗaga hannun hagu. Gazali ya riƙe shi da hannu biyu, ya zauna a ƙasa. Duk abin da ya shirya a hanya ya tafi.

"Tabur ne," ya ce. "Ƙafarshi ta nutse da ruwa. Na auna sandunanka duka, babu wadda ta kauce ko kaɗan. Ba kai ba ne, Ɗanbaba. Ko da kai ne, ban da ikon in faɗa maka abin da na faɗa. Ka yafe mani."

Ɗanbaba ya yi ƙoƙarin magana. Kalmomin na fitowa a hankali, a tauna, sai an kasa kunne.

"Tabur?"

"Tabur."

Ɗanbaba ya rufe ido. Hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye, bai ji shi ba balle ya share. "Na yi ta tunani," ya ce. "Kullum. Ina cewa wace sanda ce. Na ce ko idona ne ya tahi ban sani ba."

Wannan ya fi komai yi wa Gazali ciwo. Bai taɓa kawowa a ransa cewa mutumin na can yana tuhumar kansa ba.

"Yaushe ka gane?" Ɗanbaba ya tambaya.

Gazali ya so ya ce kwanan nan. Ya kalli hannun da ke kwance, ya kasa. "Ba a daɗe da tahowarka ba. Tun kahin maimai."

Kaji na tono gefensu, daga waje ana jin Lawali na yi wa shanu tsawa.

"Da ka zo," in ji Ɗanbaba, "da na biyo ka. Da mun kwance shi mun gyara."

"Na sani."

"Na yafe, Gazali. Ciwo na Allah ne." Ya numfasa. "Amma da ka zo."

Gazali ya kwana biyu a Attantane. Ya roƙi a bar shi ya tafi da Ɗanbaba Tasawa, ga ɗaki, ga likita kusa, Ramatu za ta kula da shi. Lawali bai ƙi ba, ya ce a tambayi mai jikin. Ɗanbaba ya girgiza kai. Ya ce ba ya son mutanen kasuwa su gan shi ana ɗaga shi ana ajiyewa.

Da Gazali ya koma gida ya nemi wani kafinta, Muddassir, magidanci mai natsuwa da tsabtar aiki. Suka yanke sandunan gicciyen baya, suka kankare tsohon kol, suka sake haɗawa a kan taburin da yanzu ke tsaye bisa siminti. Zare ya sauka daidai jikin sandar wutsiya. Muddassir ba ya magana in yana aiki, in an gama ya yi sallama ya tafi. Da aka zo batun fikafikai, Gazali ya ce masa a dakata tukuna, zai neme shi. Bai neme shi ba. Suka ɗaga gangar jikin suka rataye ta ƙarƙashin kwanon rumfa don gara, aka lulluɓe ta da tsofaffin zannuwa.

Tun daga nan yakan je Attantane duk wata, da goro da maganin tansiyo da abin da Ramatu ta soya. Maganar Ɗanbaba ta ɗan sake, har yakan yi raha jefi-jefi, amma hannun bai dawo ba. Ba su cika taɓo zancen jirgi ba. Sai wata rana da bazara, suna zaune a tsakar gida, Ɗanbaba ya tambaya ko an fara fikafikan.

"Ban fara ba," in ji Gazali. "Ya miƙe yanzu, amma na tsaya."

"Don mi?"

"Na rasa son shi."

Ɗanbaba ya kalle shi, ya kawar da kai. Can ya ce rana ta iso ƙafafunsa. Gazali ya tashi ya tallafe shi ta hammata, ya ja shi da tabarmar zuwa inda inuwa ta koma.